Ba Zan Raka Masu Feshi Gonakin Mangwaro Ba

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Shugaban sashen da nake aiki a ƙarƙashinsa,
Jalingo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina fatan Yallaɓai yana lafiya, shi da iyali. Allah ya taya riƙo.

Ranka ya daɗe, ban so wannan magana ta fito fili ba. Sau uku na rubuto maka ta ofis, sau biyu na zauna a bencin ƙofarka tun hantsi har aka tashi, ban samu ganinka ba. Abin da na samu shi ne takardar da aka miƙo mini ranar Litinin, wadda ta umarce ni in raka ayarin masu feshi zuwa gonakin mangwaro kafin huda ta fito. Shi ya sa na zaɓi in yi magana inda manoman ma za su ji, don su abin ya fi shafa.

Ga wanda bai san ni ba, aikina binciken ƙwari ne. Shekara goma sha ɗaya ina kan abu guda: yadda za a sa ƙwaro ya kashe ƙwaro, itatuwa su huta da guba. Da aka ƙirƙiro jihar nan na baro wajen aikina na dawo gida. Na tarar da mangwaronmu cikin wani hali. Wani farin ƙwaro da manoma ke kira mai auduga ya maƙale a bayan ganye yana tsotse ruwansa, yana zubar da danƙo irin na darɓa, har ganyen ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa masa kunkunniya. Itacen da ya kama haka sai ya daina 'ya'ya.

Wannan ƙwaro yana da maƙiyi, wata 'yar mitsitsiyar rina da ba ta kai ƙwayar gero ba, ba ta kuma harbin mutum. Tana saka ƙwanta a jikinsa, ɗanta ya cinye shi daga ciki. Daga wajen abokan aiki na kudu na ɗauko irinta, a kwali, a kan cinyata, tafiyar kwana biyu a mota. Na rene ta a ɗan ɗakin nan na bayan ofis, cikin kejin da na haɗa da katako da gidan sauro.

Ga ƙorafina.

Na farko, alkawarin da na ɗauka da yawun sashenmu. Manomin da ya fara yarda da ni wani dattijo ne a Iware, Baffa Hammanjoda. Ranar da na je masa da rinar a kwalbata, ya ɗaga ta ya duba a rana, ya ce, "Dakta, mai kashe ƙwari na sha gani. Mai kawo ƙwari a kwalba kuwa, yau na fara." Ya yi dariya, amma ya ba ni mangwaro goma sha bakwai da mahaifinsa ya dasa. Sharaɗina ɗaya ne: kada a fesa komai har shekara uku. Shekarar farko maƙwabta suka yi ta yi masa ba'a, ya daure. A ta biyu sabon toho ya fito kore shar. A ta uku sai da aka tokare rassa da gwafa saboda nauyin 'ya'ya. Daga nan manoma na Kona da Sunkani suka fara zuwa ofis da ƙafarsu suna neman a kai musu. Duk wannan yana cikin rahoton da na kawo maka, kuma da hannunka ka rubuta a samansa cewa a ci gaba.

Na biyu, feshin bara. An kawo wa sashenmu durom-durom na maganin ƙwari, aka ce sai an ga aikinsu kafin shekara ta ƙare. Ba wanda ya tuntuɓe ni. Ina asibiti ina jinyar mahaifiyata ayari ya fita. A bakin kowace gonar gwaji na kafa allo mai cewa ba a feshi a nan, da boko da ajami. Baffa Hammanjoda ya tsaya a bakin gonarsa ya nuna musu allon. Sai shugaban ayarin ya ce masa, "Ai Dakta ne ya aiko mu." Jin haka dattijo ya kauce, har ya sa aka kawo musu ruwan sha.

Yallaɓai, ban aiki kowa ba. Ban ma san an fita ba.

Bayan mako biyu na je na yini ina juya ganye da madubina. Rina ko ɗaya ban gani ba. Mai auduga kuwa yana da wani kaki a jikinsa da ke kare shi, don haka da yawansa suka tsira, suka wayi gari babu mai cin su. Kafin damina ta tsaya itatuwan sun fi da baƙi. Amya biyar da dattijon ya rataya a gonar, ƙudan zumarsu duk suka zube ƙasa.

Na uku, ɗakin reno. Da sauran durom suka rasa wurin ajiya, sai aka fasa kwaɗon ɗakina ranar wata Juma'a bayan na tashi, aka fitar da kejina aka jera su a rana. Ranar Litinin na same su. Aikin shekara huɗu ya ƙone a kwana biyu. Keji biyu ne suka tsira, su ma don na kai su gida gyara ne. Yanzu haka suna barandarmu, inda maiɗakina ta kwashe keken ɗinkinta ta ba su wuri. Su kenan irin wannan rina da suka rage a hannuna.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ci mini rai. Watan jiya na koma Iware. Tun daga hanya na ji ƙarar gatari. Mangwaro goma sha ɗaya na ƙasa, ana faskara su za a kai kasuwa. Na tsaya na kasa ƙarasawa, sai shi Baffan ya hango ni ya taso. Bai ɗaga mini murya ba. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo nono, ya tambayi jikin mahaifiyata. Na rantse masa ba ni na aiko su ba. Ya ce, "Na yarda, Dakta. Amma idan yau ka zo da kwalba, gobe wani ya zo da durom, dukanku daga ofis ɗaya, ni wanne zan bi? Masara zan shuka. Ita wata uku ce na san matsayina."

Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Kada a ɗauka ina ƙin feshi ne gaba ɗaya. Shekarar da fara ta sauko, ni ma na goya injin feshi a bayana. Amma kowace cuta da maganinta, kuma wannan magani a kan wannan ƙwaro ƙara masa ƙarfi yake yi.

Saboda haka ina roƙon Yallaɓai abubuwa kaɗan. A dakatar da feshin mangwaro na bana. Har yanzu akwai gonaki a bayan Kona da ayarin bara bai kai gare su ba, rinar tana nan da rai a cikinsu, kuma daga can za ta iya sake yaɗuwa idan aka ƙyale ta. A mayar mini da ɗakina, ko a ba ni wani mai inuwa. A binciki wanda ya yi amfani da sunana. Sannan ina roƙon ka taka da kanka zuwa Iware, ba nisa, ka ga kututturen nan, ka ba dattijon haƙuri da bakinka. Itace shida ne suka rage masa, ya ce zai jira zuwa bayan girbi.

Takardar ranar Litinin ta ce a tafi da ni saboda manoma sun san fuskata. Gaskiya ne, sun san ta, kuma ita kaɗai ta rage mini a wannan aiki. Ba zan je ba. Na san abin da ƙin bin umarni ke jawowa, ina da 'ya'ya huɗu, na kuma yi shawara da mahaifiyarsu kafin na ɗauki alƙalami. Ranar da ayari zai fita, za a same ni a teburina da ƙarfe takwas. Duk hukuncin da aka yanke, a kawo mini shi can.

Allah ya ba Yallaɓai lafiya da nisan kwana, ya haɗa shi da mashawarta na gari, ya sa ya gama da wannan kujera lafiya. Allah ya ba manomanmu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Dakta Idirisu Bello,
Jami'in binciken ƙwari, Jalingo.