Rubutun da ke Ƙasan Jar Mota

Riruwai, daren Laraba, watan Safar, 1956

Yau samari masu haƙar kuza suka shigo zaurena da hoton wata jar mota marar rufi, suna ta musu. Sule ya rantse ta fi motar Baturen kuza gudu. Audu ya ce, "Kai da ko jaki kayar da kai yake! Baba Malam, karanta mana rubutun ƙasanta."

Na kawo takardar kusa, na nisantar. Baƙaƙen duk sun narke a idona. Na ce kaina ke ciwo, su dawo gobe.

Karatun nan kaɗai ke kawo mutum ƙofata. Ko wannan shafin ma da lalube nake rubutawa. Ya Allah, gobe kuwa za su dawo.