Itacen Ƙarƙashin Harawa

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahama. Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma tunda na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, kai nake so in fara rubuta wa.

Unguwar Rimi tana nan yadda ka bar ta. Farar tunkiyarka ta yi ciki. Har yanzu da la'asar takan tsaya bakin zaure tana jiran ƙarar kekenka daga ofis. Ni ma haka, me zan ɓoye?

Da kaka na sa aka yanko harawar waken gonar bakin rafi, aka shanya, aka ɗaure dami-dami, muka jibge a rumfar bayan gida har ta taɓo jinka. Da hantsi nakan shiga in zauna cikin ƙanshinta. Sai in ga kamar bangon zana ya yaye, ga gona kore shar, ga ka can ka naɗe wando, kana ta tahowa amma ba ka isowa.

To, ga abin da na kasa faɗa wa kowa. Ka tuna gumaguman itacen nan huɗu da kake jerawa a ƙasa kafin ka ɗora harawa, waɗanda kullum nake mita sun tare mini hanya? Ranar sadakar arba'in ɗinka itace ya ƙare, na ce a faskara su. Da su aka dafa tuwon. Harawar bana a kan ƙasa na zuba ta.

Shekaranjiya na jawo dami ɗaya daga ƙasa, ya wargaje a hannuna kamar toka. Gara ce, Malam. Ta cinye ciki ta bar mini sama, ni kuwa ina zaune ina shaƙar ƙanshi. Abin da ya rage ba zai kai mu ruwan farko ba.

Ƙanenka Audu ya ce ranar Juma'a zai tafi da tunkiyar ƙauye, inda za ta samu abinci. Gaskiyarsa ce. A can za ta haihu, ba a gabana ba.

Me ya sa ba ka taɓa gaya mini amfanin itacen nan ba? Ko ni ce ban taɓa tambaya ba? Shekara goma sha bakwai ina yi maka tsiya a kansu, kai dai sai murmushi. Ka yafe mini. Kewarka ta ishe ni.

Allah ya haskaka makwancinka.

Ni ce matarka,
Hajara