Zakarana Agogo da Sandar Magana

Daga: Tela mai shago a ƙarƙashin bene, layin bayan kasuwa
Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Kare Haƙƙin Ɗan Adam, Ofishin Gunduma
Kwanan wata: 9 ga Afrilu

Game da: Hukuncin yanka da dattawan unguwa suka yanke wa zakarana ba tare da an ji ta bakina ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, ina miƙa kukana kamar haka:

1. A ranar 2 ga wata, zakarana mai suna Agogo ya bi ta kan wata farar riga da maƙwabcina mai wanki ya shanya a ƙasa. Mai wanki ya kai ƙara gaban dattawa.

2. Bisa al'adar da muka gada, ba mai magana a zaman dattawa sai wanda ke riƙe da sandar magana. Ban raina al'adar ba, don ita ta kashe rigimar katanga tsakanin mahaifina da ƙanensa. To, mai wanki ya karɓi sanda ya faɗi son ransa, har da cewa Agogo ya harare shi. Da aka tashi, ya wuce gida da ita.

3. A zaman 6 ga wata na nemi sandar, aka shaida mini ya tokare sabuwar igiyar shanyarsa da ita, kuma kaya ba su bushe ba. Na buɗe baki, aka tsawatar mini kamar yaro, da furfurata. Daga nan aka ɗauki shiruna a matsayin amsa laifi.

4. Al'adar ta tanadi cewa dabbar da aka yanke wa hukunci, dattawan ne ke cinye ta. Ba na zargin kowa, amma da idona na ga babban dattijo ya ɗaga Agogo yana jinjina nauyinsa tun kafin a zauna. An dai ba kura ajiyar nama.

Ranka ya daɗe, tun rasuwar matata Agogo ke tashina da asuba, shi nake yi wa hira a shago. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Ba na roƙon a rushe al'ada. Roƙona a dakatar da yankan da aka sa ranar Asabar, a ciro sandar daga igiyar shanya a miƙo mini, ni ma a ji ni. Ina roƙon a gaggauta, domin da safiyar yau uwargidan babban dattijo ta aiko aron babbar tukunyata.

Naka mai biyayya,
Tela