Malfar Ramatu

Litinin, 6 ga Maris, 1950
Shagari. En'e ta ɗauko ni daga ɗakin shan magani na Bodinga saboda sankarau. Rumfar zana a bayan gari, gwangwanin ƙwayoyi, sai ni. Na zo da ƙanwata Ramatu, wadda ta fita takaba bara, da ɗiyata Saratu, don tun rasuwar uwarta ba ni da wurin barinta. Na jera komai yadda aka koya mana.

Alhamis, 9 ga Maris
Maza da yara maza kawai ake kawo mini. Mai haƙa kabari kuwa ya ce mata sun fi yawa a wurinsa. A ɗakunansu suke mutuwa, ni iyakata zaure. Ƙwayar tana aiki in an sha ta da wuri. Tana aljihuna, tsakanina da mai ciwo zana ɗaya.

Asabar, 11 ga Maris
Na fara koya wa Ramatu: zazzaɓi, ciwon kai, wuyan da ya ƙi sunkuyawa, yadda ake niƙa ƙwaya a dama da ruwa a ɗura. Tana da karatun allo, ta kama. Saratu na tsince gero a gefe, sai na ji tana ba da amsa kafin gwaggonta. Na ce ta koma wurin tukunya. Ita kaɗai ta rage mini.

Litinin, 13 ga Maris
Likita Bature ya biyo ta nan. Ya yaba, ya bar wa Ramatu farar riga da farin ɗankwali irin na nas, ya ce mutane za su ga girmanta. Na ce haka ne. Kullum cewa nake haka ne.

Laraba, 15 ga Maris
Horo Birni. Mainasara, wani manomin albasa, matarsa na kwance. Da ya ga Ramatu cikin fari sai ya tare bakin zaure. "Malam, likkafani kak kawo muna tun ba ta cika ba?" Ashe magana ta riga mu isa, wai duk wadda mai farin kaya ta gani, sai an fitar da ita rumfa cikin maza. Gida bayan gida, ba a amsa sallamarmu ba. Ni da na yi makarantar Midil, ban hango wannan ba.

Juma'a, 17 ga Maris
Matar Mainasara ta rasu. Ina so in gaskata cewa ko an ba ta ƙwayar ba za ta tashi ba.

Lahadi, 19 ga Maris
Ramatu ta naɗe farar rigar ta ajiye mini a kan akwati. Ta ce, "Yaya, mace guda ta ba a hanawa shiga, mai malfa." Inna Hajo take nufi, jajin 'yan taru ta Dandin Mahe, tsohuwar da ke zaga ƙauyuka tana koya wa mata tsarki da salla, malfa a kanta naɗe da jan ƙyalle. Ko mafi zafin kishi ba ya rufe wa malfar nan ƙofa. Amma yanzu ƙafa ta ƙi tsohuwar.

Talata, 21 ga Maris
Dandin Mahe. Na durƙusa na gaishe ta, na roƙi aron malfar har cutar ta wuce. Ta yi dariya har da tari.
"Ɗana, malfa ba kwando ba ta, ba a aronta. In na ɗora mata, ta zama ta mata har ta mutu. Ba taka ba, ba ta Nasara ba. Ka iya?"
Ta tsare Ramatu da tambayoyin karatu har la'asar. Na ce zan yi shawara. Da wa? Wa zai riƙe mini gida? Kuma ɗakunan da za ta shiga, na fi kowa sanin abin da ke cikinsu.

Alhamis, 23 ga Maris
An binne wata amarya da jaririnta. Ramatu ta ce izinina take nema, ba shawarata ba. Na ba ta.

Lahadi, 26 ga Maris
An ɗora wa Ramatu malfa. Daga zaure na ji guɗa. Gidajen da suka kore mu yanzu tabarma suke shimfiɗa mata. Sai ta karantar tukuna, sannan ta fito da ƙwaya. Na ce karatun yana cin lokaci. Ta ce, "Yaya, kai ka san ƙwaya, ni na san ɗaki." Mainasara da kansa ya zo ɗaukarta don ƙanwarsa. Bai dube ni ba. Yarinyar ta tashi.

Asabar, 1 ga Afrilu
Ramatu. Ciwon kai, sannan wuya.

Lahadi, 2 ga Afrilu
Na zo ɗura mata, na zubar da magani. Saratu ta karɓi ludayin ba ta tambaye ni ba. Ta yi daidai, har riƙon haɓa.

Asabar, 8 ga Afrilu
Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma na kira ta daga baya ba ta waiga ba. Na buga kwano. Sankarau ya tafi da jinta, kuma babu abin da gwangwanina zai yi. Ni na ba ta izinin. Da na hana, da waɗansu ne a kabari. Na juya wannan ta kowace fuska, ba ta zauna ba.

Litinin, 17 ga Afrilu
Ramatu ta ɗauki malfa tana tangaɗi. Yanzu da ƙarfi take magana, ba ta sani ba. "Mata na jirana." Na rubuta mata a allo: ta yaya za ki ji kokensu? Ta nuna Saratu. "Ga kunnuwana nan. Ta saurara ta rubuta min. Dama jaji da 'yan mata taka tahiya." Na rubuta a'a. Saratu ta ce, "Baba..." Na nuna mata allon ita ma.

Laraba, 19 ga Afrilu
Ramatu ta tafi ita kaɗai. Ta dawo da yamma, ƙwayoyin yadda ta tafi da su. Wata uwa ta yi ta mata bayani tana nuna wani ɗaki, ita ta ɗauka ruwa ake ba ta. Kafin su fahimci juna mai ciwon ta cika. Ta zauna bayan ɗaki, malfar a cinyarta. Saratu ba ta yi mini magana ba tun shekaranjiya. Abinci tana kawowa.

Juma'a, 21 ga Afrilu
Akumarin jakinmu dama ya lalace. Na gyara shi, na ɗan faɗaɗa shi, ya fi wa jakin sauƙi. Ban ce wa kowa komai ba. Na dai nuna wa Saratu yadda ake ɗaure ƙyalle a hanci, ban da kusantar numfashin mai ciwo, ta maimaita mini har na gaji. Da hantsi suka fita da jakin, ita da gwaggonta, allon a hammatarta. Na tsaya bakin rumfa, don akwai masu zuwa ta wannan hanyar, har jan ƙyallen ya shige bayan kuka.
Na tuƙa tuwo da kaina. Ya yi gudaji. Na rufe musu nasu.