Rasuwar Malam Ɗangana Mai Fenti da Maganar Allunansa Talatin da Ɗaya

Cikin alhini mai nauyi, da sallamawa ga hukuncin Ubangijin da ba a tambayarsa dalili, Ƙungiyar Masu Jiragen Ruwa da Masunta ta Bakin Kogin Yelwa, a ƙarƙashin jagorancin uban ƙungiya, dattijon arziki, Sarkin Jirgi Alhaji Tamada, ta samu labarin rasuwar ɗan'uwanta, amininta, kuma malaminta da bai taɓa yarda a kira shi malamin kowa ba, Malam Ɗangana Mamuda, wanda duk ƙasar Yauri ta fi sani da Ɗangana Mai Fenti. Allah ya karɓi ransa da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Mayu, a gidansa da ke bayan kasuwar kifi, bayan ciwon ƙirji da ya daɗe yana fama da shi, aka kuma yi masa sutura bayan azahar, yana da shekara hamsin da takwas a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakinsa, uwarmu Inna Mairo, da 'yarsa Malama Hansatu da ke aure a Shanga, da sauran dangi na kusa da na nesa, da mutanen tsohon Gungun Ƙirya a duk inda tashin ruwa ya warwatsa su, daga Ngaski har Wara, da duk wanda ya taɓa shiga jirgi a wannan tafki ya sauka lafiya bai san wa zai gode wa ba bayan Allah. An ɗora mini rubuta wannan saƙo ne saboda a ƙungiya ni na fi kowa zurfin boko, wato na kai aji uku na elementare kafin ni da malaminmu mu amince mu rabu da juna lafiya. Wanda ya ga kuskure ya yafe.

An haifi marigayi a Gungun Ƙirya, ɗaya daga cikin tsibiran Kuwara da yau ba a ganinsu, a gidan masassaƙan kwalekwale. Bai zauna gaban kowa ya koyi zane ba. Da gawayi ya fara, a jikin jiragen da mahaifinsa ke sassaƙawa, daga nan ya hauro Yelwa ya shiga rubuta sunaye a jikin motocin Kwantagora da allunan masu shago, yana kankare ragowar fenti daga gindin gwangwani, yana ɗaure gashin wutsiyar akuya a tsinke ya yi buroshi. Ƙa'idarsa ɗaya ce tun daga farko har ya koma ga Mahaliccinsa: abin da idonsa ya gani shi yake sawa a katako, ba ya ƙari don a ji daɗi, ba ya ragi don a rufa asiri. Ni shaida ne. A bikin 'yancin kai na shekarar 1960, En'e ta sa shi ya zana tseren kwalekwalen da aka yi a bakin ruwa, a babban allo. Ya zana jirgin da ya zo na ɗaya yadda ya kamata, sai dai bai tsaya nan ba, ya haɗa har da wanda ya zo na ƙarshe, kuma ga ni a cikinsa, baki buɗe, filafilina ya suɓuce yana bin ruwa. Wata guda allon ya yi a kasuwa. Surukaina sun taso takanas daga Ngaski don su gani. Da na same shi na roƙe shi ko kunnuwan ne ya ɗan rage mini, sai ya ce, "Altine, in na rage kunnen, wa zai gane kai ne?"

Bayan wannan da 'yan shekaru, wani malami da yake ganin girmansa ya yi masa nasiha a kan zanen abu mai rai. Bai yi musu ba, bai kuma ajiye buroshi ba. Ya bar fuskokin mutane, ya koma ga ƙasa da abin da ke kanta, yana cewa ai tsamiya ba za ta tsayar da shi gaban Allah ta ce ya hura mata rai ba. Ana cikin haka ne ma'aikatan awo suka zo da labarin cewa za a datse kogi a Kainji, ruwa zai hau, tsibirai da garuruwan gaɓa za su tashi. Kowa ya shiga lissafin inda zai koma da yadda zai kwashe rumbu da awaki. Shi kuwa Malam Ɗangana ya ɗauki ƙaramin kwalekwale da katako da gwangwanayensa, ya yi shekara huɗu yana bin tsibiran nan ɗaya bayan ɗaya. Yadda yake aikin shi ne, sai ya nemi wuri ya zauna yana fuskantar gabas, ta yadda Dutsen Zomo da Dutsen Tukunya, duwatsun nan biyu da ake hange daga ko'ina a kogi, za su fito a bayan zanen. Daga nan ya sa kowace bishiya a mazauninta, kowane dutse da girmansa, in giginya bakwai ce bakwai zai zana, in ɗaya ta karkace ya karkatar da ita. In ya gama ya juya allon ya rubuta da ajami inda ya zauna.

Gaskiya ita ce ba mu gode masa ba a lokacin. Mun yi masa dariya, ni ma da nawa bakin a ciki. Ana kukan rabuwa da kaburburan iyaye, mutum yana ƙirga reshen ƙirya. Sarkin Jirgi da kansa, wanda ya ba ni izinin faɗin wannan, ya sa shi ya zana masa gidansu na gado kafin a tashi. Da aka kawo allon, sai ga wani ƙaton maɗaci ya cinye rabin katako, gidan kuwa ɗan mitsitsi a gindinsa, domin haka abin yake ga mai kallo daga inda ya zauna. Sarkin Jirgi ya ce, "Ɗangana, gidana na ce ka zana min, ba itacen kakana ba. Wanga ɗan ɗigo shi ne mu duka?" Ya ƙi karɓa. Marigayi ya ɗauki allonsa ya kai ɗaki.

Ruwa ya hau a shekarar 1968. Gidajen laka suka narke, amma itatuwan ba su tafi ko'ina ba, suna tsaye a ƙarƙashin ruwa, ƙirya kuwa kowa ya san ba ta san ruɓewa ba. Da bazara, in tafki ya ja da baya, kawunansu kan taso su tsaya kamu ɗaya ko biyu ƙasa da fuskar ruwa, inda ido ba ya gani amma cikin jirgi yana samu. Mu da aka haifa a kogin nan muka zama baƙi a cikinsa, domin duk alamun da muke bi sun nutse. Taru ya yi ta yagewa, injuna suka yi ta karyewa. A bazara ta biyu wani jirgin kasuwa da ya taso daga Wara ya hau kan itace da rana tsaka, aka rasa mutum biyar, Allah ya jiƙansu.

Kwana kaɗan bayan haka Sarkin Jirgi ya je gidan marigayi a kan maganar fentin wani jirgi, idonsa ya faɗa kan allon nan da ya ƙi karɓa, jingine a bango. Ya daɗe yana kallo. Abin da ya lura da shi shi ne, kan maɗacin ya zo daidai tsakiyar duwatsun biyu, duwatsun kuwa ruwa bai ci su ba. Washegari muka sa allon a jirgi, mu shida da mai zanen, muka karanta bayansa, muka yi ta gyara tsayuwa har duwatsun suka zauna mana yadda suke a katako, sannan muka tafi a hankali ana zura gora a ruwa. Ba mu yi nisa ba gorar ta daki itace. Sarkin Jirgi ya riƙe ta da hannu biyu, yana jin maɗacin gidansu a ƙarƙashinsa. Sai ya ce, "Ɗangana, ka yafe min." Shi kuwa cewa ya yi, "Matsa hagu kaɗan, Alhaji, akwai tsamiya biyu nan gaba."

Tun daga ranar, alluna talatin da ɗaya na marigayi suke rumfar ƙungiya a bakin ruwa. Shi ya kawo su da kansa, ya ce aro ne, bai nemi komai ba. Ƙungiya ta kafa doka cewa ba wanda za a damƙa wa inji ya ɗauki rayukan mutane sai ya zauna gaban allunan nan ya haddace su, an fita da shi an gwada shi da gora. Marigayi kan zo da hantsi ya zauna a gefe yana jin yadda ake koyarwa, ba ya sa baki sai an yi kuskure. Shekara shida ke nan, kuma cikin ikon Allah babu jirgin ɗan ƙungiya da ya sake hawa itace a hanyar Yelwa zuwa Wara. Wannan ita ce hidimar da Malam Ɗangana Mamuda ya yi wa jama'ar ƙasar nan, mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa tuƙa jirgin inji ba.

A nan ƙungiya ke neman afuwar iyalan marigayi, domin za ta sako wata magana da ba a saba sakowa cikin ta'aziyya ba, kuma ta gwammace ta faɗe ta a fili gaban jama'a da a ji ta a bakin 'yan tsegumi. Allunan nan ba namu ba ne. Daga ranar Talata sun zama gadon Inna Mairo da Malama Hansatu da sauran magada. Mun san akwai wani baƙo mai mutunci daga Ikko da ya zo sau biyu yana neman ya tafi da su inda za a adana su a ɗaki mai kyau, manyan mutane su gani, sunan marigayi ya kai inda bai taɓa zuwa ba. Ba mu ga laifinsa ba, kuma ba za mu ɓoye cewa a rumfarmu gara da danshi sun fara taɓa gefen guda uku ba. Mun san Malama Hansatu na son ta kai wasu ɗakinta a Shanga, 'ya'yanta su ga garin da aka haifi kakansu, wanda ba su da wata hanyar ganinsa. Mun kuma san abin da Inna Mairo ta sha a shekarun nan huɗu, domin allo na sha bakwai ƙyauren ɗakinta ne, wanda marigayi ya ɓalle lokacin da katako ya ƙare masa, ta yi damina guda da tabarma a bakin ƙofa. Da aka tambaye shi yana kwance me za a yi da allunan, abin da ya ce ke nan, a tambayi Mairo, ita ta biya su.

Mun nemi hanyar da ba za mu dame ku ba, ku iyalan marigayi, ba mu samu ba. Mun kira mai hoto ya ɗauka, duwatsun suka fito kamar tuwon da ya kwana, ba a bambance Zomo da Tukunya. Ni da kaina na gwada kwafar allo ɗaya, na kwana uku ina fama, da na nuna a gida 'ya'yana suka yaba mini ƙwarai, suka ce ba su taɓa ganin kaza mai kyau haka ba, alhali tsamiya na zana. Ga shi ruwa na ja da baya, wata uku masu zuwa su ne mafi hatsari a shekara, kuma akwai sababbin matuƙa shida da ba su kai rabin allunan ba. Ɗaya daga cikinsu ɗana ne, Garba, mai mata da 'ya'ya biyu, wanda ya gaji kaifin ƙwaƙwalwar ubansa, saboda haka yana buƙatar lokaci fiye da sauran. Na faɗi wannan ne don kada a ce na ɓoye inda nawa ran yake.

Duk da haka, a zaman da ta yi jiya Laraba, ƙungiya ta yanke shawara da murya ɗaya cewa abin aro a hannun mai shi ake roƙonsa, ba a riƙe shi sannan a ce ana roƙo. Saboda haka mun sauke allunan duka talatin da ɗaya, mun goge su, mun naɗe kowanne a tabarma, kuma ranar addu'ar bakwai Sarkin Jirgi da dattawan ƙungiya za su kawo su gida da kansu su damƙa wa Inna Mairo. Daga yau kuma, har zuwa ranar da iyali za su faɗi abin da suka ga dama, babu jirgin ƙungiya da sabon matuƙi ke riƙe da shi da zai ratsa ta kan tsohon Gungun Ƙirya. Za su bi gaɓa su zagaya, tafiyar ta ƙaru da awa biyu, muna roƙon fasinjojin Wara da masu kai kifi kasuwa su yi haƙuri da mu.

Ƙungiya na roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya gafarta wa bawansa Ɗangana ɗan Mamuda, ya yalwata masa makwanci, ya sa duk ran da ya haye tafkin nan lafiya ya zama nauyi a mizaninsa, ya kuma saukar wa Inna Mairo da Malama Hansatu da dukkan dangi haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi. Inna, Hansatu, duk abin da kuka yanke mun karɓa, kuma ba za ku ji wata magana daga bakin ɗan ƙungiya ba. In kun ce su tafi Ikko, mu za mu ɗora su a mota. In kuwa kun ce su dawo bakin ruwa, ƙusoshin suna nan a bangon rumfa, ba mu cire ko ɗaya ba.

Altine Bello Yelwa
Magatakarda kuma Kakakin Ƙungiyar Masu Jiragen Ruwa da Masunta ta Bakin Kogin Yelwa
A madadin Sarkin Jirgi Alhaji Tamada da dukkan 'yan ƙungiya
Alhamis, 13 ga Mayu, 1976