Na Tona Kuskuren Kawu a Gaban Kowa

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Bana na gama jami'a. Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ya koya mini rubuta manhaja, shi ya kai ni kamfanin da yake babban injiniya. Aikinmu shi ne ɓangaren da ke jera buƙatun karatu da rubutu a faifan kwamfuta: wanne zai fara, wanne zai jira. Don kada ayyuka biyu su yi karo, kowanne sai ya riƙe makullai biyu, na jeri da na faifai.

Kwamfutocin gwaji suna ta daskarewa, an rasa dalili. Da na bi rubutun manhajar daki-daki, sai na ga wani aiki yana fara ɗaukar makullin jeri, wani kuma na faifai. In suka haɗu, kowanne ya riƙe ɗaya yana jiran ɗayan har abada. Kawu ne ya rubuta wurin.

Dokarmu ita ce a saka kowane kuskure a shafin da kowa ke gani. Na tabbatar, na saka. Ban juya na gaya masa ba, alhali teburinsa na jikin nawa. A shafin ya gani, bayan shugabanmu ya yaba mini.

Ya gyara kuskuren. Amma ya daina biyo mini a mota da safe. Da "ɗana" yake kirana, yanzu "Injiniya". Wannan kalmar ke cin raina. Ina ta jira ya yi magana, shiru. Mama ma ta fara tambaya.

Mai Zullumi

Amsar Anti: Ɗana, saka kuskuren a shafin daidai ne, kada ka nemi afuwa a kan wannan. Ɓoye kuskuren da ya fi muni. Amma dokar kamfani ba ta hana ka juya kujera ka fara gaya masa ba. Mutumin da ya raine ka ya ji a bakin duniya abin da ya kamata ya fara ji daga bakinka. Shi ma kunya ce ta riƙe shi, ba ƙiyayya ba.

Kai da kanka ka bayyana mini abin da ke faruwa in kowa ya tsaya jiran ɗayan. Kai ne ƙarami, kai za ka fara sakin makullinka. Kada ka tura saƙo, kada ka sa Mama. Ka same shi a gida, ka gaishe shi, ka ba shi haƙurin rashin sanar da shi, ka gaya masa wanda ya koya maka bin rubutu daki-daki.

Allah ya mayar maka da "ɗana".