Dala Biyar ta Mutum Biyu

Zuwa ga Mubina, abar ƙaunata, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta, ruwan randar da ya kashe mini ƙishirwar zaman baƙunta, wadda muryarta ta fi mini ƙamshin ruwan farko na damina,

Assalamu alaikum. Kada kaurin ambulan ɗin nan ya ba ki tsoro. Da alƙalami mai kaurin baki na rubuta, layi shida a kowane shafi, don ki karanta da kanki, ba sai Yaya Hasiya ta shiga tsakaninmu ba. Idan idon ya gaji ki ajiye ki huta. Takardar za ta jira ki, ni ma haka.

Kwalin da kika aiko ya iso ranar Talata. A bakin ƙofa na same shi da na dawo daga aiki. Na buɗe, na ga zoben da na sa miki, na ga tagarmu ta leƙa hotuna da faya-fayanta, na ga dala biyar ɗinmu a ninke kamar yadda kika saba ninke ta. Ban gama zama ba sai ga wayar Kawu Almu daga Springfield. Ya ce kin roƙe shi a matsayinsa na waliyyinki ya ɗage ranar aurenmu, ranar da saura mata wata biyu, kuma kada ya sa wata. Daga bakin Yaya Hasiya na ji sauran: likita ya ce ciwon yana cin tsakiyar ganinki, zai bar miki gefe-gefe ne kawai, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ta ce kin ce ba za ki zame mini kaya ba. Kaya, Mubina? Ke da kike ɗauke da ni shekara uku?

Bari in tuna miki, ko da yake na san ba ki manta ba.

Lokacin ina ɗalibi, mu uku a ɗaki ɗaya, kuɗin jirgin Metro ma sai na yi tunani kafin in fitar. Ke kuma kina jinyar tsofaffi a gidajensu, ki fita da asuba ki dawo ƙafafunki a kumbure. Ba ni da halin kai ki ko'ina. Gidajen tarihin Washington da ake shiga kyauta mun zaga su har masu gadi sun fara gaishe mu. Sai tsohuwar nan ta Gaithersburg ta rasu, wadda kika yi wa wanka da ciyarwa wata goma sha ɗaya, 'yarta ta ba ki wani kwalin takalmi ta ce uwarta ta ce naki ne. A ciki akwai wata 'yar na'urar roba ja mai ido biyu, irin wadda ake kangawa a fuska a leƙa, da faya-fayan kwali masu hotuna bakwai-bakwai. Hotunan baje-kolin duniya ne da aka yi a New York a shekarar 1964, wanda tsohuwar ta je tana amarya. Ke kika raɗa wa na'urar suna taga.

Ranar Lahadin farko, a falon Yaya Hasiya a Landover, bayan la'asar, kika miƙo mini tagar kika ce in faɗa miki abin da na gani. Na ce ga gini, ga mutane, ga wani ginin kuma. Kika ƙwace kika ce bayanina kamar rahoton ofis, wai idan ni ne ɗan jagora to kowa zai nemi a mayar masa da kuɗinsa. Daga ranar kika kafa doka: ke ce mai leƙe, ni ne mai rufe ido. Kika ce wanda ya rufe ido shi ya fi yin nisa. Na yi miki biyayya, ban sake kanga ta a fuskata ba.

Kuma ba ki yarda mu je a matsayin masu kuɗi ba. Na ce tunda mafarki ne mu cika aljihu mana. Kika ce a'a, yadda muke haka za mu je, idan ba haka ba wasu ne suka je ba mu ba. Kika zaro dala biyar daga jakarki kika ɗora a kan teburi. A cikin takardun tsohuwar kin ga cewa dala biyu ake biya a ƙofa. Ni biyu, ke biyu, saura ɗaya. Da ɗayar nan muke sayen waina guda, irin ta mutanen Beljiyam mai kirim a kai, mu raba, kullum ki ce rabina ya fi naki girma. Keken sama mai tafiya a jikin waya ba mu taɓa hawa ba, sai dai mu tsaya a ƙasa mu ɗaga kai. Ruwa daga famfo muke sha. Duk rumfar da ake shiga kyauta mun bi layinta, har wadda ake nuna wayar da mutum ke ganin fuskar wanda yake magana da shi, kika ce ga mutane sun yi cincirindo suna mamakin abin da yanzu yake cikin aljihun kowa. Kika ce wurin ya tuna miki baje-kolin Kaduna da babanki ya kai ki kina ƙarama, sai dai nan babu mai tsire.

Wata rana na tambaye ki, idona a rufe, ko a waccan shekarar ta wariyar launin fata za a ji daɗin ganin baƙaƙe biyu irinmu a kan benci. Kika ce a baje-kolin da ke kike jagora, kowa matsa mana yake yi mu zauna.

Ya hasken gidana da ban riga na gina ba, kin san me kika yi mini a ranakun nan? Na zo ƙasar nan zuciyata a bushe kamar fadama a watan bazara, kika riƙa zuba mata ruwa kofi-kofi, Lahadi bayan Lahadi, har ta yi kore ban ankara ba. Na gama karatu, na samu aikin injiniyan ruwa, na samu halin in kai ki New York ɗin da gaske, inda ƙaton ƙwallon duniyar nan na ƙarfe da aka kafa don baje-kolin yake tsaye har yau. Kika ce a bari sai bayan biki. Dala biyar ɗin kuma tana nan a kwalin, ba mu taɓa kashe ta ba, mun dai sayi waina da ita sau ɗari da wani abu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar Laraba da safe na karya dokarki. Akwai faifai a cikin tagar, wanda kika bari, wanda muka yi Lahadi uku na ƙarshe muna yawo a cikinsa. Na tuna duk abin da kika faɗa. Kin ce ga rumfa mai rufi kamar faifan tankaɗe, ga mata masu farar safar hannu, ga mai sayar da balan-balan iska ta ƙwace masa guda uku. Kin ce a hoto na bakwai ga wasu mutum biyu a kan benci a gindin ƙwallon duniya, macen da koren mayafi, namijin hularsa ta karkace, suna jayayya a kan waina. Na yi dariya ranar, na ce kin fara ƙari. Na so in ga mutanen nan biyu ko sau ɗaya. Na je bakin taga ta gaske inda haske yake, na kanga, na leƙa.

Madatsar ruwa ce, Mubina.

Hotuna bakwai, duka madatsar ruwa. Kankare, da dutse, da ruwa, da wani mutum mai hular kwano yana nuna wani bututu. Wani faifai ne daban da ya ɓata ya shiga cikin kayan tsohuwar, an ma rubuta sunansa a jiki da ƙananan baƙaƙe. Ke kika zaro shi daga kwalin da hannunki, ba ki iya karanta rubutun ba, kika saka, kika kanga a fuskarki, kika ga duhu a tsakiya da hazo a gefe, sannan kika buɗe baki kika gina mini rumfuna. Lahadi uku. Ni kuwa ina zaune kusa da ke, tsakaninmu bai fi kamu biyu ba, idona a rufe, ina murmushi.

Na zauna a ƙasa a wurin, ban je aiki ba ranar. Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Abin da ya fi ƙona mini rai, aikina ke nan. Da sau ɗaya na ce ba ni in gani, da kallo ɗaya zan gane. Yaushe ya fara? Tun lokacin da kika daina tuƙi kika ce kin gaji da cunkoson hanya? Tun ranar da kika zuba shayi a gefen kofi muka yi dariya? Kina jin tsoro ke kaɗai, kina zuwa asibiti ke kaɗai, ni ina jin daɗin labari. Kin ɓoye mini, gaskiya ne, kuma na ji zafin haka, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ni ma na sauƙaƙa miki ɓoyewar. Ki yafe mini.

To amma ki dubi abin da faifan nan ya shaida, ke da kike cewa za ki zama kaya. A makonni ukun da ba ki ga komai ba, a nan kika kai ni wuraren da suka fi kowanne kyau. Mai balan-balan ɗin nan har yau ina tausayinsa. Ashe tun farko ba tagar ce take kai ni ba, ke ce. Wace mace ce za ta tsaya a cikin duhu ta riƙa kunna wa wani fitila, sannan ta ce ita ce nauyi? Ban nemi aurenki don ki riƙa karanta mini alamun hanya ba. Na nema ne don idan babu ke, komai a wurina gini ne da mutane da wani ginin kuma.

Ba zan ce miki abu ne mai sauƙi ba. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin abin da ke gaba. Aikin da kike so zai iya kuɓuce miki. Za a yi ranar da za ki fasa kofi ki huce a kaina, za a yi ranar da zan ajiye kujera inda ba a saba ba ki yi tuntuɓe ki ƙi yi mini magana har yamma. Na yarda da ranakun nan duka. Na fi son su da ranaku masu santsi a gidan da ba ki ciki.

Kuma na fara koyo. Kwana biyu ke nan ina zaro faya-fayan na gaskiya ina gwadawa da ƙarfi ni kaɗai, har maƙwabcina Desmond ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko lafiya. Ga na jiya, ki duba ko na ci jarrabawa. Ƙwallon duniya yana tsakiya, ruwa yana tashi kewaye da shi fari fat. Wata mata mai jar riga ta dafe hularta da hannu, ke nan akwai iska, ki riƙe mayafinki. A gefen dama wani tsoho ya cire takalmi ɗaya yana murza ƙafa, ke nan shi ma bai hau keken sama ba, ɗan'uwanmu ne. Kusa da shi benci ya rage wurin mutum biyu, kuma ina ganin zai matsa.

Na san bai kai naki ba. Za ki ce har yanzu da warin ofis. To ki zo ki gyara mini, don babu wani malamin da zan yarda da shi.

Na roƙi Kawu Almu kada ya sanar da kowa tukuna, ya ba ni zuwa Lahadi. Ya ce bakinki zai bi, kuma haka ya dace. Ni ma ba zan tilasta miki ba. Idan kin daina sona ne, ki faɗa mini da muryarki, zan tashi in tafi, ba za ki sake jin ƙorafina ba. Amma idan don ni kika yi, don ki tsare ni daga wahala, to ba ki tambaye ni ba, ga amsata kuma kin karanta.

Ranar Lahadi bayan la'asar zan zo Landover, in Allah ya yarda, da tagar da zoben. Zan zauna a kujerar da na saba. Wannan karon idona a buɗe zai kasance, a kanki.

Abu ɗaya ne na mayar miki tun yanzu, yana shafi na ƙarshe, ki shafa za ki ji shi. Jiya a zuci na tsaya a ƙofar baje-kolin ni kaɗai da shi a hannu. Na ga idan ni ɗaya ne, biyu kawai zan biya, uku su rage. Zan ci waina guda ba mai cewa rabina ya fi girma, in hau keken saman da muka yi shekara uku muna ɗaga masa kai, har in samu canji. Na daɗe a tsaye, Mubina. Sannan na juyo gida ban shiga ba. Kuɗin mutum biyu ne. Ki riƙe mana shi zuwa Lahadi.

Naki a haske, naki a hazo, naki har ranar da za a rufe nawa idanun,

Munzali